Mannir Bai Kira Shi Ba

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar ƙanena Mannir. Ya rasu a Jibiya, a ɗakin da aka haife mu, bayan ya yi kwanaki hannuwansa ɗaure a jikin gadon ƙarfe da igiyar guga. Shi ya roƙa a ɗaure shi, ni na ɗaura. Har yau in aka ambace shi a garinmu akwai masu rage murya su ce ai shi ne wanda aljanin gem ya shiga. Na daɗe ina jin wannan magana ina yin shiru, domin ni ma na faɗe ta da bakina a lokacin. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare da na allo ba, saboda haka abin da na gani kawai zan faɗa, yadda ya zo.

Shagona da nasa bango ɗaya ne, a kan hanyar da ta miƙe zuwa iyaka, kuma janareta ɗaya muke ja. Ni da keken ɗinki, shi da talabijin biyu da na'urar gem, wato wasan talabijin, da abokinsa Isuhu, wani direban motar haya mutumin Maraɗi, ya kawo masa. 'Yan acaɓa da 'yan dako da direbobin da ke jiran a buɗe musu hanya su ne ke cika masa benci. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. An rufe wasu gidajen kallo, makaɗa da yawa sun ƙetare iyaka. 'Yan agaji sun zo shagon Mannir sau biyu suka gindaya masa sharuɗɗa: ba caca, ba 'yan makaranta lokacin karatu, kuma a kashe komai in an kira salla. Ya bi duka, shi ke fara fita da buta. Duk da haka an sha faɗa a wurin wa'azi cewa irin waɗannan hotuna masu motsi masaukin shaiɗanu ne, kuma ina lura da yadda wasu ke waiwayowa inda muke zaune.

Wasan da aka fi so na faɗa ne. Mutum biyu a fili, kowa da layin jininsa a saman talabijin, wanda nasa ya fara ƙarewa ya faɗi. A cikin jaruman akwai wani matashi mai yawan sunkuyar da kai, hannuwansa naɗe da farin ƙyalle. Ba mu iya karanta sunansa ba, sai aka sa masa Salihi. Amma Salihi ba shi kaɗai ba ne a jikinsa. In jininsa ya kusa ƙarewa aka danna wasu maɓallai a jere, sai ya durƙusa ya dafe kai kamar mai neman agaji, sannan ya miƙe ya zama wani abu dabam. Fata ta koma kalar toka, idanu garwashi, farata su fito, ga wata dariya da nake jiyowa ta bayan bango ko kekena na ƙara. Wannan shi ake kira Baƙin, kuma ba a cin Baƙin. Duk wanda ya ɗauki Salihi, Baƙin yake nema.

Ban da Mannir. Shi da Salihi yake wasa kullum, amma bai taɓa danna waɗannan maɓallan ba. Gara a kayar da shi. Wata rana ina tsaye a ƙofa ina jiran a rage mini wuta in yi guga, na ji Isuhu yana tsokanarsa.

"Kai ɗan wahala, saki dodon nan mu ga ƙarshe. Jininka saura kamar man da ke cikin mashin ɗin ɗan ƙauye."

"Ku mutanen Faransa ba ku san kunya ba," in ji Mannir, idonsa na kan talabijin. "In na sake shi ya ci, wa ya ci? Ni ko shi?"

"Wanda ya tashi tsaye shi ya ci."

"Dubi fuskarshi in ya durƙusa, Isuhu. Ba so yake ba. Ku ke tilasta mashi."

Aka yi dariya, aka kuma kayar da shi a ranar. Ya ce mini daga baya duk labarin wannan jarumi ke nan a cikin wasan, yawo yake yana neman wanda zai raba shi da abin da ke jikinsa, kuma duk faɗan da ya shiga abin ƙara ƙarfi yake. Na ce masa ya nemi aikin yi. Yanzu da nake ganin samari a bakin tasha, kowa kai sunkuye a kan waya, kowa na harbin wanda bai sani ba, nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin zai tsaya a bayan ɗayansu ya kalla na ɗan lokaci, sannan ya tambaya ko a cikin jaruman akwai wanda ba da son ransa yake faɗan ba.

Abin ya faro ne da kare. Wata safiya Mannir ya riƙo hannun ɗiyarsa Ma'u, mai shekara uku, za su sayen ƙosai. Wani kare da ba a san mai shi ba ya fito daga wajen hanyar daji, baki na dalala, ya nufo yarinyar. Mannir ya sa hannu ya tare, karen ya kafa masa haƙora a damtse. Mutane suka taru da sanduna suka kashe shi. Ni ne na yi abin da muka taso muka ga ana yi. Na yanko gashin karen da almakashina, na ƙona, na cusa tokar a cikin ciwon na ɗaure da ƙyalle. Cikin kwana goma ya warke, muka gode wa Allah, muka manta.

Akwai abin da ba mu sani ba. Kafin Mannir ya tare, haƙorin karen ya karci Ma'u a sharaɓar hagu, ɗan ƙarami, jini ɗigo biyu. Ya goge da gefen rigarsa bai faɗa wa kowa ba, don kada uwarta Binta ta tada hankali. Shi kaɗai ya san wannan a duniya.

Bayan kamar wata biyu tabon ya fara yi masa ƙaiƙayi. Sai zazzaɓi, sai rashin barci. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba ya daka wa wani ɗan dako tsawa a shago, ya jefar da abin dannawa ya fashe a bango. Ya ce a kashe fanka, iskar na yankar masa fata. Ya ce hasken talabijin na shiga masa ƙwaƙwalwa. Waɗanda ke wurin suka fita suna cewa idanunsa sun yi ja irin na Baƙin, kuma kafin la'asar maganar ta kai tasha.

Washegari da azahar muka durƙusa alwala tare a ƙofar gida. Ya wanke hannu lafiya. Da ya kai ruwa baki don kurkura, sai wuyansa ya shaƙe, jikinsa ya sandare, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba, butar ta yi gefe. Ya dube ni, na dube shi. Tsoron da na gani a fuskarsa ya fi nawa.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya a inda muka tsaya. Ga mutum mai wasa da hoton shaiɗan kullum, an yi ta gargaɗi a kansa a masallaci, yau ga shi ya kasa alwala. A shekarun nan ruƙiyya ta shigo da ƙarfi, ana sayar da kaset ɗinta a kowace tasha, kowa na da labarin wanda aka cire wa aljani. Ba wanda ya tuna kare. Muka kira wani malami mutumin kirki da ya koya mana karatu muna yara, ba zan faɗi sunansa ba, kuma ban taɓa ɗora masa laifi ba. Ya zauna ya yi karatu mai tsawo, Mannir na biye da shi da leɓe. Da ya gama ya sunkuya ya tofa masa a fuska, iskar bakinsa na taɓa shi Mannir ya zabura ya bugi bango da kai. Aka wanke allo aka kawo rubutu a ƙwarya. Jin motsin ruwan kawai ya sa ya fara makyarkyata. Aka ce in riƙe masa muƙamuƙi. Na riƙe. Na danne ƙanena da gwiwa aka ɗura masa, ya fesar, ya ture ƙwaryar, rubutun ya malale a ƙasa. Innarmu ta fita tana salati. A ganinmu an gama shaida, abin da ke jikinsa ya ƙi sunan Allah.

A yammacin nan na kwaso na'urar da faya-fayan duka na kai bayan gida na zuba musu kananzir. Warin robar ya cika unguwa. Mutane suka tsaya nesa suna kallo, wasu na cewa sun ga wani abu ya fita cikin hayaƙin. Na koma ɗaki ina sa ran in tarar da shi ya samu sauƙi.

Na tarar da shi a zaune a bakin gado cikin hankalinsa, domin ciwon zuwa yake ya tafi. Muryarsa ta dushe.

"Yaya, ɗauko igiyar guga."

Na ce me za a yi da ita.

"In ya zo ina jin son in ciji mutum. Ɗazu da Binta ta shigo, saura kaɗan. Ɗaure ni, kuma kada ka yi ɗaurin tela, yi na 'yan dako."

Har a lokacin yana neman ya ba ni dariya. Na ɗaure shi. Ina ƙulla igiyar ya ce a hankali, "Ban danna ba, Yaya. Wallahi ban kira shi ba." Ashe shi ma ya fara yarda da abin da muke faɗa. Wannan ita ce maganar da ta fi hana ni sukuni duk shekarun nan. Ga ƙishirwa tana kashe shi, ga ruwa ba ya iya kallo, mu kuma muka ƙara masa da zaton ko shi ya buɗe wa shaiɗan ƙofa da hannunsa.

Kwana biyu ya yi yana ambaton Ma'u. In abin ya taso masa yana fizge-fizge, sai a ji yana cewa Ma'u, ƙafarta, ƙafarta. Aka ce aljanin ne ke neman yarinyar. Cikin gaggawa aka goya ta aka kai ta gidan kakanninta na wajen uwa a Farfaru, aka kuma hana kowa amsa masa in ya kira sunanta. Ina jin yanzu ya fara haɗa ciwonsa da karen ne, yana ƙoƙarin ya gaya mana, mu kuma muna ƙara ƙarfin karatu don kada mu ji.

A rana ta uku na leƙa shago don in sallami masu ɗinki, sai na tarar da Malam Bitrus yana jira. Ma'aikacin lafiya ne, Kirista, daga kudancin Kaduna aka turo shi garinmu, ni ke ɗinka masa fararen rigunan aiki. A shekarun nan irinsu suna taka-tsantsan, ba sa sa baki a abin da ya shafi addininmu ko da wasa. Ya ji labari a gari. Ya daɗe yana jujjuya rigarsa a hannu kafin ya ce, "Malam Lawal, in ba za a ga na yi shisshigi ba, ina so in gan shi. Daga ƙofa ma ya isa."

Na kai shi, wasu a zaure suna haɗe rai. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a ba shi moɗa, ya tsiyayar da ruwa a ƙasa. Da ya ga abin da ƙarar ruwan ta yi wa Mannir, ya ajiye moɗar ya ja ni waje. Ya tambaye ni ko wata dabba ta taɓa cizonsa. Sai a lokacin na tuna almakashina da gashin da na ƙona. Ya ce wannan ciwon haukan kare ne, kuma in ya kai nan ba a dawowa, sai dai addu'a. Da an wanke ciwon da sabulu an yi masa allura tun farko, da wata magana ake. Na zauna a kan turmi.

"Ba lokacin zama ba ne," in ji shi. "Wa kuma karen ya taɓa?"

Na ce ba kowa.

"Kai kana wurin?"

Na ce a'a.

"To shiga ka tambayi wanda ke wurin, tun yana iya magana."

Na shiga na durƙusa kusa da gadon. Igiyar ta ci masa wuyan hannu, miyau na zuba ba ya iya haɗiyewa. Na ce, Mannir, ba aljani ba ne, karen nan ne. Na maimaita sau uku. Sannan na tambaye shi ko ya taɓa Ma'u. Na ga abin yana taso masa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, haƙoransa na haɗuwa, gadon na girgiza. Fuskata na kusa da bakinsa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji tsoron ƙanena kamar yadda ake jin tsoron dabba. Ya kawar da kai gefen bango da ƙarfi don kada miyansa ya same ni, ya riƙe kansa a haka. Ban san tsawon lokacin ba. Sai kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ya yi kokawa kafin ta fita.

"Hagu. Sharaɓa. Na goge da riga." Ya ja numfashi. "Tahi, Yaya. Bar ni."

Na hau mashin zuwa Farfaru na ɗaga ƙafar yarinyar a gaban kakarta. Ga ɗan tabo nan kamar zare. Da na dawo da ita, Malam Bitrus ya ce tunda ba ta fara komai ba akwai sauran dama, amma kowace rana tana da nauyi, kuma ba shi da tabbacin za a sami allurar nan kusa a ranar. Isuhu ya ce ya san inda aka yi wa ɗan yayarsa a Maraɗi. Ya sauke fasinjojin da ya riga ya loda, muka shiga ni da Binta da Ma'u.

Ban taɓa ganin hanyar nan da tsawo irin na ranar ba. Ma'u na kan cinyata, ni kuwa ina ta taɓa goshinta ina neman zazzaɓi. Da iska ta shigo ta taga sai in zuba mata ido in ga ko za ta zabura. A shingen duwan, wato kwastan ɗin Nijar, aka tsayar da mu, layin manyan motoci ya yi tsawo. Isuhu ya fita ya je wurin wani jandarma ya yi masa magana da Faransanci da Hausa a haɗe. Mutumin ya zo ya leƙo, ya dubi ƙafar yarinyar, bai tambayi takarda ba ya ɗaga sandar. Bayan mun wuce Ma'u ta ce tana jin ƙishi. Binta ta miƙa mata gora. Ba wanda ya yi numfashi a motar har muka ji ta haɗiye, ta ƙara, ta goge baki da bayan hannu.

An yi mata allurar farko, aka ce mu riƙa dawowa har a cika sauran. Mun iso gida kafin magariba. Fizge-fizgen ya daina, jikin Mannir ya saki, idanunsa a buɗe amma ba sa bin kowa. Na kwance igiyar. Na sa bakina a kunnensa na ce an yi mata, ta sha ruwa a hanya, lafiyarta lau. Ban ga alamar komai a fuskarsa ba. Ya cika washegari da hantsi. Ban sani ba ko ya ji ni, kuma na daina sa ran zan sani a duniyar nan.

Jibiya ta yau ba wadda ya bari ba ce. Inda shagonsa yake yanzu ana cajin waya. Hanyoyin dajin da muke tsoron karnuka a cikinsu, yanzu mutane masu bindiga ake tsoro, kuma ƙauyuka da yawa da muka sani sun watse sun dawo cikin gari. Nakan yi tunanin da yana raye da wannan ya fi ba shi tsoro, ganin mutane da hankalinsu, ba ciwo ba komai, sun saki abin da ke cikinsu suna alfahari da shi. Ni kuwa tsorona bai canza ba. In na ga kare na tafe ba mai shi, sai in tsallake titi, kuma duk wanda ya zo shagona da labarin cizo ba na barinsa ya zauna, asibiti nake kora shi. Mutum biyu sun yi fushi da ni a kan haka.

Ma'u tana aure a Katsina yanzu. Bara ta haifi namiji, ta so a mayar masa da sunan ubanta. Wata tsohuwa a dangin mijin ta ce ba a mayar da sunan wanda iska ta kashe, aka sa wa yaron wani suna. Ma'u ba ta yi musu ba. Bayan arba'in ta zo gida ta zauna a kan tabarma a shagona, ta ce, "Baba Lawal, gaskiya ne ya ƙi rubutu?" Na ba ta labarin nan duka, karo na farko. Ta daɗe tana kallon ƙafarta. Sannan ta ce in rubuta, a buga inda dangin mijinta za su karanta.

Na auna abin da ya rage na Mannir, ba shi da yawa. Ba gida, ba shago, hotonsa ɗaya ne kuma ya koɗe. Amma ya yi kwana huɗu da wani abu a jikinsa da ke umartarsa ya ciji matarsa da uwarsa da ɗan'uwansa, bai ciji kowa ba. Bai ƙi sunan Allah ba, maƙogwaronsa ne ya rufe, leɓensa na bin karatun har ƙarshe. Mu da muke da lafiya muka toshe kunne, shi da ke ɗaure ya riƙe hankalinsa har ya faɗi inda tabon yake. Akwai mace mai shekara ashirin da takwas da ke goye da ɗa a yau saboda haka. Allah Ya shayar da shi daga ruwan da ba a ƙishi bayansa, Ya yafe mini gwiwar da na danne shi da ita.